Yadda Ake Koyon Ƙira: Daga Kan Zuga Har Zuwa Fartanyar Farko

Duk shekara idan bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai wani ya riƙo hannun ɗansa ko ƙanensa ya kawo mini, wai in koya masa ƙira kafin ruwa ya sauka. Nakan ba shi haƙuri. A lokacin nan manoma sun cika rumfa, wannan da galmarsa da ta dakushe, wancan da fartanyar da ƙota ta rabu da ita, ina na ga sararin tsayawa kan ɗan koyo? Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son koyon ƙira ya zo bayan kaka, an gama da lauje da magirbi, aiki ya lafa, maigida yana da lokacin da zai zuba masa ido.

A maƙerar baffana na tashi cikin birnin Zariya, kuma tsarin da ya bi da ni shi nake bi da yarana, sai ɗan abin da zamani ya canza. Baƙin ƙira nake nufi, wato ƙirar kayan noma da na gida. Aikin maƙeran fari, masu zobe da awarwaro, wannan wata hanya ce daban.

KAYAN AIKI

Uwar maƙera ce farko, dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Tamu ta gado gajera ce, samanta da ɗan faɗi, gindinta da tsini, ana kafa ta cikin kututturen ice a binne shi a ƙasa, maƙeri yana zaune yake aikinsa. In ba ka same ta ba, kan babbar guduma wadda ƙotarta ta karye zai yi maka, ko wani guntun ƙarfe mai kauri daga ƙarƙashin babbar mota. Ka ɗan sake mata guduma ka gani: in gudumar ta yi tsalle ta dawo, ƙarfen ya yi amo, to mai kyau ne. Wani zai zo maka da guntun ƙarfen layin dogo da araha. Kada ka saya in ba ka san inda ya fito ba, kayan hukuma ne, yana iya kai ka inda ba ka shirya zuwa ba.

Sai zugazugi. Na gargajiya salka biyu ce ta fatar akuya, kowace da bakinta na ƙarfe ko na ice a ƙasa, samanta kuma a tsage, an ɗinka mata 'yan sanduna biyu inda hannu ke kamawa. Yanzu da yawa sun koma fanka mai wilin keke, ana juyawa da hannu, wasu ma ta lantarki. Duk suna aiki. Amma ni da fata nake fara wa yaro, don ita ce ke koya wa hannu lissafin iska, kuma ba ruwanta da an ɗauke wuta.

Na bugu guda uku ne: masaba, mai nauyi, ta mai taya bugu, guduma wadda nauyinta bai wuce kilo 1 ba, ta hannun maƙeri, da muntalaga ta gyaran ƙarshe. Ɗan koyo kullum babbar guduma yake rarumowa don a ce shi ƙarfaffa ne. Kafin azahar kafaɗarsa ta mutu, bugunsa ya koma na makaho. Ƙarama mai biyayya ta fi.

Awartaki aƙalla biyu, mai faffaɗan baki na riƙon falle, da mai zagayayyen baki na riƙon rodi. Kurfi na yanka, matsoni na huda ƙarfe, madoshi na huda ƙota, magagari na gyaran baki, gizago na sassaƙa, dutsen wasa, tsohuwar tukunya ko rabin garwa na ruwa, da gwangwanin mai mai murfi. Ka ƙara da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. Za ka ga amfaninsa a gaba.

Gawayi kuwa, ba kowane ba. Na ƙirya shi ne na maƙera tun kaka da kakanni, yana da nauyi, yana daɗewa, ba ya yawan toka. Ƙirya ta yi wuya yanzu, don haka in ka samu na marke ko na tsamiya ka karɓa. Wanda ka ɗauki buhunsa ka ji shi sakayau, na mai shayi ne, bar masa kayansa. Ka farfasa shi ya koma kamar girman goro, ka tankaɗe garin ka zubar.

Saura ƙarfen kansa. Kakanninmu tama suke haƙowa su narka da kansu. A nan Samaru masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono ragowar wuraren narkar da tama da tarin kashin maƙera, wato dattin da wuta ke bari in an narka tama, na mutanen da. Amma tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya yawaita, narka tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yau wurin 'yan gwangwan na Sabon Gari da garejin makanikai muke samo namu, mai son sari da yawa ya gangara Panteka a Kaduna. Rodi shi ne na koyo, yana da araha, yana da haƙuri. Sifirin na mota da faifan garmar tarakta su ne na kayan kaifi. Uku kuma ka guje su: ƙarfen zubi irin na gangar injin mota, wanda ke marmashewa ƙarƙashin guduma, fayif ko falle mai farin shafe irin na kwanon rufi, don hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon ƙirji, da duk wani abu rufaffe, tukunyar gas ce ko shokozoba, wanda in ya ji wuta zai fashe.

In kana shakkar wani ƙarfe, yanki ɗan guntu, ka buga shi ya yi siriri, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a ruwa. Goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, kuma da ka buga guntun ya karye ƙas, to yana ɗaukar kaifi. In ya lanƙwashe kawai, ajiye shi don ƙusa da ƙugiya.

MATAKI NA 1: SHIRYA WURI

Rumfa ake so, mai inuwa, iska na ratsawa. Inuwar ba don jin daɗi kaɗai ba ce, a cikin rana ba a ganin launin ƙarfe. Kada ka kuskura ka hura gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyin hunturu ya kai inda ya kai, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Haƙa ɗan rami kamar zurfin tafin hannu. A gefensa ka gina ɗan bango da yumɓu ko ƙasar suri da aka kwaɓa da ƙaiƙayi, ka bar bututun yumɓu ya ratsa ta ƙasansa ya leƙo cikin ramin. Bangon nan shi ke kare mai zuga da fatarsa daga wuta. Bakunan zugazugin su fuskanci bututun, amma kada ka cusa su ciki ka liƙe. Bar tazarar kamar yatsa biyu. In ka liƙe, duk ɗagawar da mai zuga zai yi sai fata ta zuƙo garwashi, ka wayi gari da salka mai ɓuli. Ka bar ginin ya bushe kwana biyu ko uku kafin ya ga wuta.

Uwar maƙera ta kasance inda za ka ciro ƙarfe ka ɗora ba tare da ka tashi ba. Ruwa a dama, gawayi a hagu, kayan aiki a jere inda hannu zai same su ko ido bai duba ba. Tufafi na auduga. Rigar ƙwallo da duk wani yadi mai santsi, in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake yi ya manne a fata.

MATAKI NA 2: ZUGA

Nan ne yara ke gudu, kuma nan ne ƙirar take. Wanda bai zauna kan zuga ba, ko ya shekara goma yana bugu, mabugi ne kawai.

Zauna fatun biyu suna gabanka, kowane hannu a kan ɗaya, babban yatsa a sanda guda, sauran yatsun a ɗayar. In za ka ɗaga, buɗe yatsunka iska ta shiga. In za ka danna, matse bakin tukuna sannan ka danna. Dama na sauka hagu na tashi, ba tsayawa, yadda iskar za ta zama igiya ɗaya ba gutsi-gutsi ba. Kwana ukun farko hannuwanka za su yi ta rikicewa, kana buɗewa inda ya kamata ka matse. Kowa haka ya yi. In hannu ya faɗa, har kiɗa za ka ji fatar tana yi, tsofaffin masu zuga da ita suke yi wa maigida kirari.

Amma hannu ne ƙaramin aikin. Babban aikin na ido ne. Mai zuga shi ya fi kowa kusa da wuta, ba abin da yake yi sai kallonta, don haka a nan yake koyon inda zuciyar wuta take, wato 'yar tazara kaɗan gaban bakin bututu, can ƙarƙashin gawayi. Ƙarfe a tsakiyar garwashi ake kwantar da shi, gawayi a ƙasansa, gawayi a samansa. In ka tura shi daidai bakin bututu, iska mai sanyi ce za ta yi ta dukansa, ya yi ta ɓawo yana cinyewa. In ka ɗora shi a sama kamar mai gasa masara, sai la'asar ta yi bai nuna ba. Lokaci-lokaci kuma za ka ji wuta ta yi nauyi, kana zuga ba ta amsawa. Kashin maƙera ne ya taru ya toshe bakin bututu, sa awartaki ka zaƙulo shi. Gefen wutar kuma a riƙa yayyafa masa ruwa don kada gawayi ya ci a banza.

Ina da wajen shekara goma sha ɗaya baffana ya sa ruwan gatarin wani mutumin Giwa a wuta, ya juya yana ciniki. Ni kuwa ina so ya juyo ya ga ƙoƙarina, na duƙufa na yi ta zuga ba ƙaƙƙautawa. Sai na ga wasu fararen taurari suna tashi daga cikin gawayi suna ƙara tsit-tsit, har ina murna. Da ya juyo ya ciro, bakin gatarin ya zama kamar saƙar zuma. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, wutar ta yi maka magana, ba ka ji ba." Ya rataye ƙonannen gatarin a jikin ginshiƙin rumfa daidai inda nake zama, ya fi shekara a wurin. Shi ya biya mai gatari daga aljihunsa.

A wurina yaro yakan yi wata biyu zuwa uku a kan zuga. Alamar ya isa ya tashi ita ce ranar da zai sassauta hannu da kansa kafin in ce masa "ya isa".

MATAKI NA 3: SANIN LAUNI

Ɗauki guntun rodi ka sa a wuta, kada ka buga komai, kallo kawai. Zai fara da ja mai duhu, ya koma ja sosai kamar garwashi, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, daga nan sai fari mai tartsatsi, wanda shi ne ƙonewa. Tsakanin ruwan goro da rawaya ake bugu. Da ya sauko ja mai duhu, mayar da shi wuta. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kowa ya san karin maganar, amma ɗan koyo yakan ji ƙyashin komawa wuta, ya ce bari in ƙara biyu. Rodi zai yafe maka. Sifirin ba ya yafiya, zai tsage a ciki inda ba ka gani, sai ranar ba shi ruwa, wato tsoma shi da zafinsa don ya yi tauri, tsagar ta bayyana.

Ka kuma riƙe wannan: ƙarfen da ya koma baƙi bai huce ba. Yawancin tabon da ke hannun maƙera baƙin ƙarfe ne ya yi shi, ba ja ba. Duk abin da ke ƙasa kusa da uwar maƙera, kara bayan hannunka kusa da shi tukuna kafin ka ɗauka. In an ƙone, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20. Ban da gishiri, ban da baƙin mai, ban da ƙwai. In ƙunar ta yi faɗi ko ta yi zurfi, asibiti. An san gidajen maƙera da maganin wuta, kuma yaro zai ga manya suna wasa da jan ƙarfe ranar da aka kafa dundufa a biki. Ka gaya masa tun wuri cewa wannan ba darasinsa ba ne.

MATAKI NA 4: TSINI

Aikin farko na guduma shi ne fitar da tsini a bakin rodi. Yanki rodi mai tsawon kamu guda don ka riƙe da hannu ba sai da awartaki ba. Riƙe guduma can ƙarshen ƙota, riƙo sako-sako, babban yatsa ya zagaye ƙotar, kada ya kwanta a bayanta. Nauyin guduma ke aiki, kai dai ɗagawa ce taka da saiti.

Ɗora bakin rodin a gefen uwar maƙera na nesa da kai, ka ɗan ɗaga hannun riƙo. Bugu biyu, juya kwata, bugu biyu, mayar. Kusurwa huɗu ake fara fitarwa, ko da zagayayyen tsini kake so. In ya yi huɗu ya miƙe, kashe kusurwoyin ya zama takwas, sannan ka mulmula. Mai gaggawar da ya ce zai yi ta juyawa yana bugu tun farko, bakin zai buɗe masa kamar bakin kifi.

Yi guda ashirin. Jera su a ƙasa ka dubi na farko da na ƙarshe.

MATAKI NA 5: YANKA, HUDA, LANƘWASA

Yanka da kurfi ake yi, ƙarfe na ja. Kada ka yanke har ƙasa a kan uwar maƙera, za ka ɓata bakin kurfin ka ji mata ciwo. Ci rabi, juya, ci saura kaɗan, ka ƙarasa da lanƙwasawa, kuma ka lura da inda guntun zai yi tsalle. Bayan kowane bugu uku tsoma bakin kurfin a ruwa. Huda ma haka: matsoni ya shiga har ka ji ya taɓa tauri, juya ƙarfen, za ka ga ɗan duhu a wurin, ɗora shi kan wani rami ka buga ta nan, ɗan ƙwayar ya faɗo. Kan kurfi ko matsoni in ya baje kamar naman kaza, goge shi da magagari, don ɓarɓashinsa in ya tashi ido yake nema.

Da waɗannan yaro zai iya ƙusa, ƙugiyar rataye nama, matsefin wuta, da sarƙar ɗaure akuya. A bar shi ya sayar da su ya riƙe kuɗin.

MATAKI NA 6: TAYA BUGU

Maigida na riƙe da aiki da ƙaramar guduma, yaro na gabansa da masaba. Inda gudumar maigida ta taɓa, nan masaba za ta sauka, da irin ƙarfin da ya nuna. In ya kwantar da gudumarsa a gefe, an tsaya, ko masaba tana sama ne a sauke ta a hankali. Ba a magana, ba a waige. Kafin a fara, a duba kan masabar bai yi lako-lako a ƙota ba.

MATAKI NA 7: RUWAN FARTANYA

Yanzu aka zo wurin. Samo sifirin mai faɗin yatsa huɗu, ka yanki tsawon taƙi guda. Gasa shi ka miƙar da lanƙwasarsa tukuna, ka duba ko da tsohuwar tsaga, don sifirin ɗin da ya karye a mota sau da yawa yana da 'yan'uwan karayar a ɓoye.

Wutsiya ake fara fitarwa, wato tsinin da zai shiga ƙota. Dalili kuwa, in ka faɗaɗa ruwan tukuna, ba ka da wurin kamawa mai kyau, kuma siririn ruwa zai yi ta ƙonewa kana fama da wutsiya. Auna yatsa uku daga ƙarshe guda, ɗora a gefen uwar maƙera, ka buga ta gefe da gefe har kafaɗu biyu su fito, sannan ka ja abin da ya rage ya zama tsini mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya ɗan fi ɗan yatsanka na tsakiya. Inda wutsiya ta haɗu da kafaɗa kada ya zama lungu mai kaifi, ya zama da ɗan gantsarwa. Fartanya goma da aka dawo mini da su a karye, tara a nan suka karye.

Juya, kama wutsiyar da awartaki. Faɗaɗawa daga tsakiya ake farawa a tura naman ƙarfen zuwa gefe, dama sau uku, hagu sau uku, don kada ɓangare guda ya tsere wa ɗan'uwansa. Amma layin tsakiya, daga gindin wutsiya zuwa rabin ruwa, bar shi da kaurinsa. Shi ne ƙashin bayan fartanya. Ɗan koyo yakan bi ko'ina ya daddale shi ya zama falle ɗaya, ya yi kyau a ido, ranar da ya haɗu da marmara sai ya naɗe kamar ganye. Kauri ya riƙa raguwa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, daga sama zuwa baki. Kowace fitowa daga wuta ka kankare ɓawon da ke kai, in ba haka ba guduma za ta nutsa shi cikin ƙarfen ya bar zanzana.

Kada ka tsoma aikin a ruwa a tsakiyar ƙira don kana so ka taɓa da hannu. Sifirin ne, zai tsage.

In faɗi ya kai yadda kake so, daidaita bakin da kurfi. Bar shi da kaurin tsinken ashana, kada ka fitar da kaifi yanzu, siririn baki ba ya jure abin da ke tafe. Sannan ka ɗora ruwan a kan kututture mai ɗan kwari ka bubbuga tsakiyarsa ya ɗan yi ciki, don ya riƙa ɗaukar ƙasa. Daga ƙarshe gasa shi duka ya yi ja daidai, ka ajiye a gefe ya huce da kansa. Wannan hutun yana warware gajiyar da bugu ya tara masa.

Ƙwararre da mai taya bugu sukan gama wannan a wuta shida ko bakwai. Kai in ta kai ka ashirin ba laifi.

MATAKI NA 8: BA SHI RUWA

Abin da za ka sani a taƙaice: ƙarfe irin sifirin yana da sinadarin da 'yan boko ke kira kabon. In ya yi zafi ya kai wani matsayi aka sanyaya shi farat ɗaya, sai ya yi tauri kamar gilashi, ya kuma karye kamar gilashi. Sai an ɗan mayar masa da zafi kaɗan yake samun jimiri. Aiki biyu ke nan, kuma masu koyo na farkon kaɗai suke riƙewa.

Yi wannan da sassafe ko da yamma, lokacin da haske ya yi laushi. Gasa bakin a hankali, kana motsa shi don zafin ya bazu daidai. Matsayin da ake nema ja ne sosai wanda bai kai ruwan goro ba. In idonka bai gama faɗawa ba, ga amfanin maganaɗisun nan: ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 yakan daina kama shi. Da ka ga ya daina, ƙara masa ɗan zafi kaɗan, ka ciro.

A me za a tsoma? Baffana ruwa yake amfani da shi, amma hannunsa ya san daƙiƙar da zai ciro. Kai fara da mai. Man gyaɗa ya fi, in ya yi tsada baƙin mai na mota zai yi, sai dai a fili, kuma ka kau da fuskarka daga hayaƙin. Mai yakan kama da wuta, shi ya sa na ce gwangwani mai murfi: rufe shi kawai, kada ka zuba ruwa. In dole sai ruwan, to kada ya zama wanda ya kwana a waje cikin hunturu, ɗumama shi da wani jan ƙarfe tukuna. Na taɓa asarar wuƙaƙe huɗu a safiya ɗaya cikin watan Janairu saboda ragwancin yin haka, ina jin kowace tana cewa ƙyas a cikin tukunya.

Tsoma bakin kaɗai, kamar yatsa biyu, a miƙe, kana ɗan motsa shi sama da ƙasa don kada a samu layi guda inda tauri ya yanke. In bakin ya yi baƙi, ciro da sauri, ka goge shi da guntun dutsen wasa har farin ƙarfe ya fito. Jikin fartanyar har yanzu da zafi, zafin nan zai gangaro zuwa baki, za ka ga launuka suna tafiya a kan wurin da ka goge: ruwan zuma a gaba, sai ƙasa-ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Wuƙa da aska a ruwan zuma ake tsayar da su. Fartanya da gatari, masu haɗuwa da dutse da saiwa, a bari shunayya ta iso baki tana shirin komawa shuɗi. Da ta iso, tsoma duka ban da wutsiya. In launin ya tsere maka ya wuce shuɗi, bakin ya yi laushi, ba abin kuka ba ne, sake gasawa ka maimaita. Wutsiya dai ba a ba ta ruwa ko kaɗan.

Gwaji: magagari ya ci bakin da ƙyar. In ya zame sam, ya yi tauri da yawa. In ya ci kamar rodi, bai ɗauka ba. Sai wasa, da dutse da ruwa. Mai amfani da injin wasa ya kula, in bakin ya yi shuɗi a kan injin ya ɓata duk wahalar da ya sha.

MATAKI NA 9: ƘOTA

Reshen marke ko na aduwa mai gwiwa a ƙarshe, busasshe. Ɗanye zai bushe a hannun manomi ya saki wutsiya. Sassaƙe shi da gizago, ka bar kan da nauyinsa. Gasa madoshi ka huda, amma ramin ya ɗan fi wutsiya ƙanƙanta, ka kakkaɓe gawayin da ke ciki, sannan ka buga ƙotar ta baya har wutsiya ta zauna daram. Ramin da aka ƙona ya yi faɗi, ba tsumman da zai gyara shi. In kan yana barazanar tsagewa, sa masa zoben ƙarfe. Kafin ka huda, ka sa mai fartanyar ya duƙa kamar yana noma ka ga inda hannunsa ya tsaya, don dogo da gajere ba kwana ɗaya suke so ba.

GA MAIGIDA MAI KOYARWA

Ka zauna da uban yaro tun ranar farko a yi magana a fili: lokacin makaranta, allo ce ko boko, ba a taɓa shi, ga lokacin zuwa, ga na tashi, ga abin da za a riƙa ba shi na sabulu. Yaron da aka mayar ɗan aike, daga sayo ƙosai sai ɗebo ruwa, zai shekara uku bai san launin ƙarfe ba, kuma laifin ba nasa ba ne.

Ka ware masa tarin rodin da ka yafe, ya ɓata son ransa. In ya yi kuskure kada ka karɓe gudumar ka gyara, nuna masa a wani guntun daban, ka mayar masa da nasa. Gyara ɗaya a rana ya isa, in ka jero masa biyar ba zai riƙe ko ɗaya ba. Kuma kada ka yi masa tsawa jan ƙarfe na hannunsa, jira ya ajiye.

Fartanyarsa ta farko ba ta zuwa kasuwa. Nakan ba wani mai lambu da na sani a bakin Kubanni ya yi mako guda yana aiki da ita, sannan mu je tare da yaron, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, yaya ka ji ta?" ya tsaya ya saurara. In bakin ya naɗe, ruwa bai isa ba. In ya ɓantare, zafin da aka mayar ya yi kaɗan. In tana girgiɗi, ramin ƙota ne. Mu dawo ya sake wata.

Kafin in yaye yaro kuwa, awartakinsa zai ƙera da hannunsa, daga rodi biyu: ya ja ƙafafun, ya faɗaɗa bakin, ya huda mahaɗin, ya yi ƙusar da za ta haɗa su ya daddale kanta. Sai in ɗauki tsinken tsintsiya ɗaya in ajiye a kan uwar maƙera in ce ya ɗauko mini da shi.